Kolrabi: Ɗan'uwan Kabeji Da Ake Dafawa Da Madara



Kwanakin baya wani dattijo mai noman rani ya same ni bayan an tashi daga ajin yaƙi da jahilci. Yana riƙe da 'yar takardar iri. Ɗansa ne ya kawo masa ita tsaraba daga tafiya. A jikin takardar akwai hoton wani abu kore, kewayayye kamar lemo. Ganyaye sun fito daga jikinsa ta kowane gefe kamar ƙahoni. Dattijon ya iya karatu yanzu, don haka shi da kansa ya haɗa baƙaƙen. Amma da ya karanta sunan, sai ya ga bai ƙaru da komai ba. Ya ce da ni, "Malam, wannan rogo ne ko albasa? In kuma na shuka, uwargida ta tambaye ni yadda ake dafa shi, me zan ce mata?"

Tambayarsa ta yi kyau. Manomi ba ya zuba iri sai ya san tukunyar da abin zai shiga. Amsar da na ba shi ita ce na faɗaɗa a nan, don kowa ya amfana.

Sunansa da asalinsa

Sunan wannan abu kolrabi. Kalmar ta Jamusanci ce, wato harshen mutanen ƙasar Jamus. Kalmomi biyu aka haɗa. "Kol" na nufin kabeji. "Rabi" kuwa sunan wata saiwa ce kewayayya da Turawa ke ci. Kada wani ya zaci Rabi ta gidansu ake nufi.

Sunan yana ruɗin mutane, domin kolrabi ba saiwa ba ne. Ba ya girma a cikin ƙasa kamar rogo ko dankali. A saman ƙasa yake zama, kowa na ganinsa. Ƙullutun nan da ke cikin hoto karan tsiron ne ya kumbura. Shi ya sa ganyaye ke fitowa daga jikinsa. Saiwar gaske tana can ƙasa, siririya ce, ba a cin ta.

Kolrabi da kabeji uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Haka ma farin kabeji. Dukansu daga wani tsiron daji suka fito, wanda ke tsirowa a bakin teku a ƙasashen Turai. Ga yadda aka yi suka bambanta. Kun san yadda manomi ke ware zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri. To, haka manoman can suka yi shekara da shekaru. Wasu suka riƙa zaɓen tsiron da ganyensa ke naɗewa, har aka sami kabeji. Wasu suka riƙa zaɓen mai tarin fure, har aka sami farin kabeji. Wasu kuma suka riƙa zaɓen mai kaurin kara. Daga nan kolrabi ya fito.

A shekarar 1554, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Italiya mai suna Matiyoli ya rubuta labarinsa. Ya ce abin bai daɗe da shigowa Italiya ba. Yau Jamus na cikin ƙasashen da suka fi nomansa da cinsa. Ana cinsa sosai a Ostiriya da Hangari da Folan. A nahiyar Asiya kuma sananne ne a Kashmir da wasu sassan Indiya da arewacin Biyetnam.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai koren baya, akwai mai launin shunayya. Bambancin a bawo kawai yake. In aka fere, cikin duka fari ne. Ɗanyensa garas-garas yake a baki kamar gurji, yana da ɗan zaƙi, ga ƙamshin kabeji kaɗan. A Jamus ana yanka ɗanyen a sa wa yara cikin abincin da za su tafi da shi makaranta.

Me ya sa ake haɗa shi da madara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsarta tana cikin abin da kolrabi ya ƙunsa.

In aka raba kolrabi kashi goma, kashi tara ruwa ne. Mai babu a cikinsa. Abin gina jiki kaɗan ne. Mutum zai iya cin kwano guda, kafin a jima ya ji yunwa. Wanda zai shiga gona da fartanya ba zai dogara da shi ba.

Amma yana da nasa arzikin. Yana da bitamin C mai yawa. A cikin giram 100 na ɗanyen kolrabi akwai kimanin miligiram 62 na wannan bitamin. A giram 100 na lemon zaƙi kuwa kimanin miligiram 53 ne. Kun ga ke nan ya ɗara lemo. Bitamin C shi ke taimaka wa miki ya warke. Shi ke hana dasashi zubar jini. Yana kuma taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini daga wake da ganyaye.

To, abin da kolrabi ya rasa, madara tana da shi. Tana da maiƙo mai ba da ƙarfi. Tana da abin gina jiki. Tana da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Dankalin Turawa kuma shi ke cika ciki. In aka haɗa ukun nan a tukunya ɗaya, an sami abinci cikakke, mai laushi, wanda yaro da tsoho da mai jinya za su iya sha ba wahala. Matan Jamus ba don ado suke zuba madarar ba.

Akwai wani abu da ya kamata mu gane tun da wuri. Abin da Turawa ke kira miya ba irin tamu ba ce. Tamu da tuwo ake ci. Tasu da cokali ake sha, ita kaɗai ko da ɗan burodi. Ta fi kama da fate mai ruwa-ruwa, ko kunu marar sukari. Don haka in kun ji na ce miya a nan, kada uwargida ta ɗora sanwar tuwo.

Zaɓe da gyarawa

Kolrabi kamar kuɓewa yake. Ƙaramin ya fi daɗi. In ya ƙosa sai ya yi zare, ya yi tauri, wuta ba ta iya masa. Wanda ya kai girman lemo matsakaici shi ne daidai, wato faɗin santimita 5 zuwa 8. Akwai wasu irin da aka tanada musamman don su yi girma ba tare da sun yi zare ba, amma yawanci ƙaramin ake nema. A duba ganyen. In yana kore shar, abin sabo ne. In jikin ya tsage ko ya yi yaushi, a bar shi.

Wajen gyarawa, a fara cire ganyen a ajiye gefe, kada a zubar. A yanke gindin, wato wajen da saiwa take, domin nan ya fi tauri. Sannan a fere. A nan ne baƙonsa ke yin kuskure. Ƙarƙashin bawon akwai wani shimfiɗin zare. In aka yi fira sama-sama, zaren zai rage, kuma komai daɗewarsa a wuta ba zai narke ba. A sa wuƙa sosai har sai an ga farin nama mai sheƙi.

Miyar kolrabi irin ta Jamus

Ga abin da uwargida za ta tanada don mutum huɗu: kolrabi biyu matsakaita, dankalin Turawa biyu, albasa ɗaya, man shanu cokali biyu babba, romon nama ko na kaza kofi uku, madara kofi ɗaya, gishiri, masoro kaɗan, da gyaɗar ƙamshi kaɗan. In babu romo, ruwa ma ya yi.

Uwargida, ki fere kolrabi da dankali, ki yanka su ƙanana kamar sukari mai iyali. Ki yanka albasa. Ki ɗora tukunya a wuta marar ƙarfi, ki zuba man shanu. In ya narke sai ki zuba albasa. Kada ki bari ta soyu ta yi ja kamar ta miyar dage-dage. Laushi kawai ake so ta yi. Wannan miya fara ce, in albasa ta ƙone za ta ɓata mata launi da ɗanɗano.

Sai ki zuba kolrabi da dankali, ki juya kamar minti biyu. Ki zuba romo, ki rufe tukunya. Ki bar shi ya dahu minti 15 zuwa 20. Ki gwada da cokali. In yanka ɗaya ya murƙushe da kin danna, ya yi.

Yanzu sai a narkar da shi. Matan Jamus da na'urar markaɗe mai aiki da lantarki suke yi. Mu kuwa muna da maburgi. Ki sauke tukunyar, ki burge sosai kamar yadda kike burga miyar kuka, har gudajin su watse. In kina son ta yi sumul, don jariri ko marar lafiya, ki tace da rariya kina dannawa da bayan ludayi.

Daga nan ki mayar da tukunyar kan garwashi. Ki zuba madara a hankali kina juyawa. Su can sau da yawa maiƙon saman madara suke zubawa, wanda mu muke tarawa mu kaɗa mu fitar da man shanu. In kina da shi, rabin kofi ya isa. Ki sa gishiri da masoro. Gyaɗar ƙamshi kuwa ɗan kankare kaɗan za ki yi, domin in ta yi yawa tana danne komai. Da miyar ta ɗauki zafi, ki sauke. Kada ki bari ta tafasa bayan madara ta shiga.

Ƙananan ganyen nan da kika ajiye, ki wanke, ki yanka siri-siri, ki barbaɗa a kai. In babu, lawashi ya wadatar.

Abin da ke tsinka madara

Ina so mu ɗan tsaya a nan, domin nan ne tukunya ke lalacewa, a yi asarar madara da itace.

Abu biyu ke tsinka madara a tukunya: tsami da wuta mai ƙarfi. Duk wadda ta taɓa yin awara ta san haka. Ruwan tsami ake zuba wa madarar waken suya mai zafi, sai ta dunƙule ta rabu da ruwa. Haka madarar shanu ke yi. Don haka tumatir ba ya shiga wannan miya. Haka ma tsamiya da yakuwa da lemon tsami. Na san hannun matanmu ya saba da tumatir, har wata na ganin girki bai cika ba in babu ja a ciki. A wannan karon dai a yi haƙuri.

Dankali da fulawa kuwa abokan madara ne. Kaurin da suke yi shi ke riƙe ta, ya hana ta dunƙulewa. Shi ya sa ake narkar da dankali tukuna, sannan a zuba madara.

Madarar da aka tatso daga saniya dole ne a tafasa ta daban tun farko, a bar ta ta huce, kafin ta shiga miya. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar tarin fuka. Tana kuma iya ɗauke da cutar nan da ke sa shanu ɓari, wadda ke jawo wa mutum zazzaɓi mai naci da ciwon gaɓoɓi. Tafasawa na kashe su. Ɗumamawar da za a yi mata cikin miya ba ta isa ba.

In madarar gari ce, a dama ta da ruwan ɗumi mai tsabta kafin a zuba. In ta gwangwani ce, a tabbata marar sukari ce. Mai kaurin nan mai zaƙi ta masu shayi ba ta yi.

Kada a sa kanwa. Kolrabi na laushi da kansa, kuma kanwa na lalata bitamin C. Doguwar dahuwa ma na rage shi. Wani ɓangarensa kuma cikin ruwan dahuwa yake narkewa. Wannan ne amfanin miyar: ruwan ba a zubar da shi, a ciki ake shanyewa.

Kolrabi cikin farin miya, mahaɗin abinci

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi yi a gidajen Jamus ranar da ba biki ba. A nan ba a narkar da kolrabi. Ana barinsa yanka-yanka cikin farin miya mai kauri, a ci da dafaffen dankali da nama.

Ki yanka kolrabi uku dogo-dogo kamar yatsa. Ki dafa cikin ruwa kaɗan da gishiri, minti 8 zuwa 10. Ya yi laushi amma kada ya farfashe. Ki tsame. Ruwan kuwa ki ajiye kofi ɗaya.

A wata tukunya ki narka man shanu cokali biyu. Ki zuba fulawa cokali biyu. Mai da fulawa daidai wa daida ake sa su. Ki yi ta juyawa a wuta kaɗan kamar minti ɗaya ko biyu, don warin ɗanyar fulawa ya fita, amma kada ta canza launi. Sai ki fara zuba ruwan dahuwar nan kaɗan-kaɗan kina juyawa da sauri. Da farko zai dunƙule kamar tuwo. Kada ki tsorata. Ki ci gaba da ƙara ruwa kina juyawa, zai saki. Bayan ruwan, ki bi da madara kofi ɗaya, ita ma kaɗan-kaɗan. Wadda ta iya talge ba za ta sha wuya a nan ba, domin hannu ɗaya ne. Wadda ta juye ruwan gaba ɗaya kuwa, gudaji za ta samu.

Ki bar shi ya yi ɗan ɓararraka a hankali minti biyar. Fulawar da ke ciki za ta kare madarar. Ki sa gishiri da masoro da gyaɗar ƙamshi. Ki mayar da kolrabi ciki ya ɗauki zafi. Shi ke nan.

Naman da Jamusawa ke haɗawa da shi sau da yawa na alade ne. Wannan ba namu ba ne. Naman sa ko na rago ko kaza duk suna tafiya da shi, haka ma dafaffen ƙwai. Da shinkafa ma yana shiga.

Dabarar matan Hangari

Ƙasar Hangari tana tsakiyar Turai, babban birninta Budafes. Su ma suna miyar kolrabi, amma da wani maiƙon madara mai tsami suke yi, wanda ya yi kusa da kindirmonmu. Mun ce tsami da zafi na tsinka madara. To, yaya suke yi?

Ga dabarar. Suna zuba mai tsamin a kwano daban, su sa fulawa cokali ɗaya, su dama har ya yi sumul. Sai su ɗebo ruwan miya mai zafi ludayi ɗaya, su zuba a kwanon suna juyawa. Su ƙara wani ludayin. In abin da ke kwanon ya yi ɗumi, sannan su juye shi cikin tukunya suna juyawa, su bar shi ya ɗan dahu a wuta kaɗan. Da yake bai faɗa cikin zafi farat ɗaya ba, kuma fulawa na riƙe da shi, ba ya tsinkewa.

A ganina wannan dabara ta fi sauran amfani gare mu. A ƙauye kindirmo ya fi sabuwar madara sauƙin samu. Kuma akwai mutane da yawa da sabuwar madara ke murɗa musu ciki, amma kindirmo ba ya damunsu sosai. A zaɓi kindirmo mai kauri wanda bai yi tsami da yawa ba. Tsala ba ta yi, ruwanta ya yi yawa.

Su mutanen Kashmir

Ba kowa ke dafa shi da madara ba. Kashmir yanki ne mai duwatsu da sanyi a arewacin Indiya da Pakistan. Yawancin mutanensa Musulmi ne. Suna kiran kolrabi "monji", kuma abincin yau da kullum ne a wurinsu. Ƙullutun da ganyen duka suke dafawa tare, cikin ruwa da mai da gishiri da barkono. Miyar kan fito tsararo, sai su zuba a kan shinkafa. Wani lokaci su dafa shi da naman rago. Abin koyi a wurinsu shi ne ba sa zubar da ganye. Ganyen kolrabi ana dafa shi kamar alayyafo, sai dai yana ɗan fi shi daɗewa a wuta, kuma a cire jijiyar tsakiya in ta yi kauri.

Yara da ajiya

Jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai yake bukata. Daga wata shida ana iya ba shi wannan miya a tace, tare da ci gaba da shayarwa. A ɗebi rabonsa kafin a sa gishiri da yaji. 'Yar madarar shanun da ke cikin girki ba laifi, amma ba ta maye gurbin nonon uwa.

Abincin da madara ta shiga ba ya jure zafin ƙasarmu. Turawa na ajiye ragowar a firji. Inda babu firji, a dafa daidai ci, a shanye da zafinsa. Kada a bar shi ya kwana a ce za a ɗumama wa yara da safe. Wannan ba miyar kuka ba ce.

Ga mai son shukawa

Na koma kan dattijonmu da takardar irinsa. Kolrabi ɗan ƙasar sanyi ne. Ya fi jin daɗi in zafi yana wajen digiri 15 zuwa 20 a ma'auni. Don haka lokacin da ya dace da shi a wurinmu shi ne lokacin da ake kabeji, wato hunturu. Inda kabeji ke yin kyau, kamar tudun Jos mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, ko fadamun da ake noman rani cikin sanyi, nan ne ya kamata a gwada shi. In bazara ta riske shi a fangali, zai yi zare.

Renonsa irin na kabeji ne. A yafa iri a wurin reno. Bayan mako uku zuwa huɗu, in ya yi ganye huɗu ko biyar, a dasa. A bar tazarar taƙi ɗaya ko fiye kaɗan tsakanin tsiro da tsiro. Kada a binne karan da zurfi, kuma kada a tara masa ƙasa a gindi kamar dankali. Ƙullutun a sarari yake son zama. Yana saurin nuna. Yawanci cikin wata biyu ko fiye kaɗan daga shuka ake cirewa, kafin kabeji ya gama naɗewa.

Ban ruwa shi ne babban aikin. Yana son laima kullum. In aka bar shi ya sha ƙishi sannan aka malala masa ruwa, sai ƙullutun ya tsage. Tsutsar da ke huda ganyen kabeji shi ma tana cinsa. Wanda ya yi feshin magani ya karanta jikin kwalba, ya ga kwana nawa aka ce a jira kafin a cire amfani. Ga inda karatun da muke koya ke tsare lafiyar iyali. Wani abu kuma: kamar kabeji, kolrabi ba ya fure ya ba da iri sai ya sha dogon sanyi. Don haka kada manomi ya sa ran ajiye irinsa.

Shawarar da na ba dattijon ita ce ya yi fangali ɗaya ko biyu don gida. Kada ya cika lambu da shi. Abin da mutanen kasuwa ba su sani ba, ba sa tayawa, kuma kayan lambu ba ya jiran mai saye. In iyali sun ci sun yaba, maƙwabta sun ɗanɗana sun tambaya, sai a ƙara baɗi.

Wanda ba shi da kolrabi fa?

Yawancin masu karanta wannan shafi ba su da takardar iri irin ta dattijon. Amma akwai labari mai daɗi. Mun ce kolrabi karan kabeji ne da ya kumbura. To, kowane kabeji yana da nasa karan. Shi ne farin abin nan mai tauri da ke tsakiya, wanda uwargida ke yankewa ta jefa wa awaki in za ta yi kwaɗo ko dafa-duka. Ku fere shi ku ɗanɗana. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da na kolrabi ƙwarai, sai dai ya ɗan fi shi yaji.

Ba karan da ya rage a gona bayan an sare kabeji nake nufi ba. Wancan ya zama itace. Na cikin ƙullin nake nufi. A yanke gindinsa da ya bushe, a fere gefen da ya yi zare, a yanka shi ƙanana fiye da yadda za a yanka kolrabi, domin ya fi shi tauri.

Kara ɗaya ba zai cika tukunya ba. A haɗa shi da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen kabejin, musamman fararen jijiyoyin nan masu kauri na kusa da tsakiya. A ƙara dankali ya zama uku maimakon biyu. A fara zuba karan da dankali. Bayan minti goma a bi da ganyen, domin ganyen kabeji in ya daɗe a wuta yana wari. Sauran aikin duk ɗaya ne: a burge, a rage wuta, a zuba tafasasshiyar madara, ko kindirmon da aka dama da fulawa. In ana son launi don yara su yi sha'awa, a yanka karas ɗaya a dafa tare da dankalin.